Yadda Na-Iya Ya Kashe Ƙwarin Mangwaro

Duk layinmu babu wanda ya taɓa jin Na-Iya ya ce bai sani ba. Da wannan suna muka san shi, don ko me aka kawo, kafin mai magana ya rufe baki ya riga ya ce, "Na iya." Shi ya gyara mini fankar shago ta koma juyawa baibai, tana kwashe gashin da na aske tana watsa wa masu jiran layi a fuska. Shi ya gyara famfon gidansu, matarsa ta daɗe tana shiga ɗakin girki da takalmin roba. Ni mai aski ne, shagona yana kallon ƙofar gidansu, saboda haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, wani ma a kan kayana.

A ƙofar gidan nan akwai wani mangwaro. Mahaifin Na-Iya, wanda dukanmu muke kira Baba, shi ya dasa shi a shekarar da ya auri mahaifiyar Na-Iya, ita kuma ta raine shi da ruwan wanke-wanke har ya wuce rufin gida. Tun da ta rasu, Baba ba shi da wurin zama sai gindin bishiyar nan. Da safe a fito masa da kujerarsa, ya zauna har rana ta yi sanyi. Idanunsa sun yi rauni, gwiwa ta ƙi, amma in ka ce ya koma ciki ya huta, sai ya ce inuwar nan ce kaɗai abin da matarsa ta bar masa wanda bai tsufa ba.

Bana da ganye ya yi sabon toho, sai wasu 'yan ƙwari suka sauka a bishiyoyin layin. Ƙanana ne, ba su kai ƙwayar wake ba, ruwan toka, da wani dogon baki a lanƙwashe kamar bakin buta. Aikinsu ɗaya, su bi gefen ganye suna gutsura, su bar shi tsaga-tsaga kamar an bi shi da almakashina. Ba sa cizon mutum, ba sa shiga ɗaki. Babu wanda ya damu da su sai ranar da Na-Iya ya ɗaga kai.

"Baba, ana cinye maka mangwaro kana zaune!"

"Bara ma sun zo," in ji Baba. "Suka ci abin da za su ci suka tafi. Ganyen ya ishe ni, ya ishe su."

"Bara na yi tafiya, shi ya sa suka samu fuska. Bana kuwa sun tarar da ni a gida."

"Ka ƙyale mini bishiyata."

"Haba Baba, ni fa na iya."

Ina jin wannan kalma na tashi na kwashe tawul-tawul ɗina daga igiya na shigar ciki.

Da hayaƙi ya fara. Ya lallaɓa Baba ya shiga ciki wai a shafa masa maganin gwiwa, ya tara tsofaffin tayoyin keke da tsummoki da busasshen barkono a gindin bishiyar, ya cinna wuta. Hayaƙin bai ga dama ya hau sama ba. Sai ya kwanta, ya tsallaka titi, ya nufi gidan Mai Wanki, maƙwabcina na hannun dama, inda fararen rigunan mutane ke shanye reras a igiya.

Mai Wanki ya fito da dutsen guga a hannu yana tari. "Na-Iya! Kayan mutane ne fa!"

"Yaƙi ake yi, Mai Wanki. A yaƙi ba a tambayar launin riga."

"Yaƙin da wa? Ni ne ƙwaron?"

"Matsa, kana tare mini iska."

Mutumin da nake wa aski ya yi atishawa, reza ta zame, na yi masa wata hanya a tsakiyar kai da bai nema ba. Na-Iya kuwa da ya ga hayaƙi ya ƙi hawa, sai ya ɗauko doguwar gora ya shiga dukan rassan wai yana buɗe masa hanya. Nan take ƙwari suka fara zubowa kamar yayyafi. Suka faɗi rigingine, ƙafafu a naɗe, babu mai motsi. Na tsallaka na taɓa ɗaya da tsinin mataji, na juya shi, ko gezau. Har Mai Wanki ya manta da rigunansa.

"To?" in ji Na-Iya, yana share hawayen barkono. "Wa ya ce ban iya ba?"

Ya share su wuri guda, suka yi ɗan tudu a gindin bishiyar, ya ruga ƙasan layi kiran mutane su zo su gani. Ni na koma lallashin mai hanya a ka. Ko da ya dawo da jama'a a bayansa, babu tudu babu dalilinsa, sai toka da guntun waya na taya.

Kai tsaye ya nufo ni. "Mai Aski, ina gawarwakina?"

"Me zan yi da gawar ƙwaro? Man gashi zan haɗa?"

"Hassada ba abin da ba ta sa mutum."

"To shigo ka bincika aljihuna."

Bai shigo ba. A ƙarshe laifin ya faɗa kan kazar Mai Wanki, wadda aka kamo aka mammatsa mata wuya, ta yi kuka, ba ta amsa laifi ba. Na-Iya ya rantse nan gaba ba zai sake barin hujja a ƙasa ba.

Washegari ya fito da abin feshi goye a baya, da jarka cike da wani haɗi mai launin ruwan kwata. Ya ce akwai kalanzir a ciki, da garin sabulu, da gishiri, da ruwan batir, da wani abu da ba zai faɗa ba don kada a sace masa fasaha. Warinsa kaɗai ya sa na rufe taga. Har suna ya raɗa masa, Kwanta-Ba-Tashi.

Ya jingina tsani da mangwaro, sai ya ji sanda ta tokare masa ƙirji. Baba ne. Idonsa ba ya gani sosai, amma hancinsa lafiya lau.

"Jiya ka yaudare ni da maganin gwiwa. Yau in ɗigo ɗaya na wannan abu ya taɓa bishiyar nan, ka je ka nemi wani uban."

"Baba, taimakonka nake yi."

"Na gode. Kai taimakon gaba."

Sai ya kai shi gaba. Ya fara da bishiyar gwaibar Mai Wanki, wai diyyar rigunan da suka yi baƙi. Yana buga tsani a jikin bishiyar, tun bai taɓa abin feshin ba, ƙwari suka zubo.

"Kun gani? Kun gani?" Ya juyo yana haki. "Tun kafin in fesa! Warin kawai suka ji!"

Mutane suka yi ta jinjina kai, har da ni. Ya hau ya ɗaga bututun sama ya fesa, iska ta dawo masa da rabonsa cikin ido, ya saki tsani don ya murza, ya sauko da baya cikin bahon da Mai Wanki ya jiƙa zannuwan gado. Ya tashi kumfa har kunne, ido jawur, abin da ya fara tambaya shi ne ko wani ya taɓa masa gawarwaki. Ya share su tas, har da ganyen da ya karkaɗo, ya zuba cikin wani babban durom na roba, ya danne murfin.

Daga nan layi ya zama nasa. Ya bi lemon Malama, wadda ke koyarwa a makarantar yara, ya bi dogayen bishiyoyin bakin titi, ya bi har wata 'yar bishiyar da ba ta da ƙwaro ko ɗaya, wai rigakafi. Ko'ina ya buga tsani su zubo, ya fesa, ya share, ya zuba a durom. Tafiyarsa ma ta canja. Da ya zo aski sai ya ce in rage masa gefe kaɗan, don wataƙila masu ɗaukar hoto su zo.

Ba a daɗe ba ganyen duk bishiyar da ya fesa ya fara murɗewa yana ƙonewa. Malama ta tare shi da reshen lemo a hannu.

"Malam Na-Iya, mene ne wannan?"

"Zazzaɓin warkewa ne, Malama. Ai ko yaro in an yi masa allura jikinsa yakan yi zafi."

"Yaro gashinsa ba ya zubewa."

"Wannan babbar allura ce."

Matarsa ce kaɗai ta so ta ɓata masa lissafi. Wata rana da hantsi na ji muryarta daga ƙofar gida, tana turo durom waje da ƙafa.

"Maigida, abin nan naka motsi yake yi. Ina girki ina jin ƙas-ƙas a ciki."

"Gawa ce take saki."

"Gawa tana tafiya?"

"Ke da tukunya kika sani, ina ruwanki da kimiyya?"

"Ni dai ba zan ƙara kwana da shi kusa da kwanukana ba."

Ransa ya ɓaci, ya ɗaga ƙafa ya tokari durom ɗin da ƙarfi, ya ɓalle murfin ya ce ta leƙa. Ta leƙa. Ni ma na tsallako na leƙa. Ga su nan jibge, rigingine, shiru kake ji.

"Wa ke motsi a nan? Nuna mini shi."

Baiwar Allah ta yi ta kallo, ta koma ciki tana cewa wataƙila kunnenta ne. Shi kuwa ya mayar da murfi, ya ce mini mata haka suke, ba sa son ganin miji ya ɗaukaka.

Sai ya shirya taro. Ya gayyaci Shugaban ƙungiyar layi da duk mai gida da duk mai shago, ya aro kujeru da lasifika, ya karɓi farin zanin gado a wurin Mai Wanki don gawa ta fito sosai. Da aka zo neman wurin zama, sai aka ga duk layin babu sauran inuwa sai ta mangwaron Baba, don ita kaɗai ce ba ta sha Kwanta-Ba-Tashi ba. Nan aka jera kujeru. Baba ya ce a zauna, inuwa ta kowa ce, amma jarkar nan ta tsaya can bakin kwata.

Na-Iya ya gangaro da durom yana ƙwanƙwasa shi a kan kowane dutse, ya tuntsurar da shi a kan zanin. Ƙwarin layi kaf suka zube tuli guda. Wallahi abin ya ba da mamaki, aka yi tafi, Shugaba ya miƙe cikin fararen kayansa ya ce layin nan ya yi sa'ar ɗa.

Da ya tsaya nan, da ya ci nasara. Amma an ba shi lasifika. Ya fara daga yarintarsa, yadda tun yana rarrafe yake kashe tururuwa. Ya bi ta kan fankata, wadda ya ce ni ne ban iya kunna ta ba. Ya ce daga ƙwarin ganye zai koma kan sauro, daga sauro sai fara, kuma duk wanda yake so ya koya ya zo da abin feshinsa. Mutane suka yi lamo a kujeru, wasu na gyangyaɗi, babu mai motsi, babu mai tari. Wurin ya yi shiru ban da muryarsa.

Malama ce ta fara gani. Ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Mai Aski, idona ne, ko wancan ya miƙe ƙafa?"

Na duba. Ɗaya a gefen tulin ya warware ƙafa, ya juya, ya tsaya a kan ƙafafunsa, ya ɗan karkaɗa dogon bakinsa kamar mai tashi daga barcin rana. Na kusa da shi ma ya tashi. Kafin in buɗe baki, tulin gaba ɗaya ya fara tafasa.

"Kuma ina tabbatar muku," in ji Na-Iya cikin lasifika, bayansa na ga zanin, "duk wanda Kwanta-Ba-Tashi ya kwantar, sai dai a tashin ƙiyama."

"To ƙiyamar ta zo," in ji Mai Wanki.

Suka watsu. Wasu suka hau ƙafafun kujeru, wasu suka shige ƙafar wandon Shugaba, mafi yawa kuwa suka yi layi suka nufi abu ɗaya mai ɗanyen ganye da ya rage a unguwar, suka kama gindin mangwaro suna hawa. Mata suka tashi suna kakkaɓe zane, Shugaba ya shiga rawar da bai yi niyya ba, kujeru suka kife. Na-Iya ya juyo, ya ga abin da ke faruwa, ya daka tsalle ya dira a kan zanin da ƙafa biyu. Duk na kusa da shi suka zube rigingine.

"Ga shi nan! Sun mutu! Saura ne maganin bai gama ratsa su ba!"

Aka tsaya ana kallo. Jim kaɗan suka miƙe suka ci gaba da tafiya. Ya sake dira, suka sake mutuwa, suka sake tashi. Shugaba ya ɗaɗa wa cinyarsa mari, biyu suka faɗo daga wandonsa suka yi rigingine. Mai Wanki ya kai wa jikin mangwaro duka da tafin hannu, wasu suka zubo suka naɗe ƙafa.

"Jama'a, ni ma na iya!" Mai Wanki ya yi ihu. "Hannuna ma Kwanta-Ba-Tashi ne! Ashe da ka taɓa su sai su yi kamar sun mutu!"

"Ashe kazarka ba ta ci kowa ba," na ce.

"Ashe kunnena lafiya lau yake," in ji matar Na-Iya daga ƙofar gida.

"Lemona fa?" in ji Malama. "Shi ma zai tashi?"

Dariya ta ɓarke, irin wadda mutum ke riƙe ciki yana neman abin dafawa. Na daɗe ina son in ga ranar da bakin Na-Iya zai mutu, amma da na dubi fuskarsa sai dariyata ta tsaya, don na san abin da kunya ke sa irinsa. Ya ruga bakin kwata ya sunkuto jarkar.

"Yanzu za ku ga wanda ya iya!"

"Kai!" Baba ya yunƙura daga kujera. "Kada ka yi! Don darajar uwarka kada ka yi!"

Bai ji ba. Kafin mu cim masa ya watsa wa rassan ƙasa, ya kwarara wa jikin bishiyar, ya tuttule sauran duka a gindinta har ƙasa ta yi kumfa. Ƙwarin suka zubo, suka kwanta, warin ya dame su, suka tashi suka watse cikin unguwa lafiya ƙalau. Baba ya koma ya zauna. Taro ya watse ba sallama.

Ganyen mangwaro ya fara da yin rawaya, sannan ya bushe, sannan ya zube, har matar Na-Iya ta gaji da shara. Bishiyar da ta ciyar da ƙwari bara da bana ba ta ko girgiza ba, ta koma itace tsaye. Bishiyoyin da ya fesa wa ganye kawai sun sake toho daga baya, ƙwarin ma suka koma abinsu. Mangwaro ne bai dawo ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yau in na ɗaga kai daga kan wanda nake wa aski na hango rassan nan tsirara, sai in ji haushi ya taso mini sabo.

Baba kuwa bai canja wuri ba. Da safe ya sa aka fito masa da kujera, aka ajiye daidai inda take zama. Rana ta ɗaga ta doke shi a ka. Na tsallaka na roƙe shi ya dawo shagona, akwai benci, akwai fanka ko da baibai take juyawa. Ya ce ya gode, nan matarsa ta bar shi, nan zai zauna. Surukarsa ta fito ta durƙusa tana kuka, ya ce ta tashi, ba ita ta yi ba.

Na-Iya ya fito yana sosa ƙeya. Ya dubi bishiyar sama da ƙasa, kuma don hali ba ya barin mai shi, ya ce, "Amma dai Baba, in za a faɗi gaskiya, yanzu ko ƙwaro ɗaya babu a kanta."

"Haka ne," in ji Baba. "Akwai lema a bayan ƙofar ɗakina. Ɗauko."

Ya ɗauko.

"Buɗe. Tsaya nan. Ɗaga hannu."

"Har yaushe, Baba?"

"Bishiyar daga safe take farawa, sai rana ta yi sanyi take tashi. Ka iya?"

Karo na farko a rayuwarsa Na-Iya bai amsa wannan tambaya ba.

Yanzu kullum in na buɗe shago ina ganinsu, tsoho a kujera, ƙato a tsaye a bayansa da lema, yana canja hannu yana zufa. Mai Wanki in zai wuce yakan tsaya ya duba gefen rigar Na-Iya, wai tunda ya zama bishiya, yana gani ko ƙwari sun fara ci. Kwanan nan wani baƙo ya tsaya tambayar hanya, ya ce wannan ɗa akwai biyayya. Na ga ƙirjin Na-Iya ya fara tasowa. Ya gyara murya ya ce ai riƙon lema ma fasaha ne, akwai yadda ake karkata ta a bi tafiyar rana, ba kowa ya iya ba, shi ma da kansa ya ƙirƙiro hanyar, kuma nan gaba yana tunanin haɗa wata mai juyawa da kanta.

Baba ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa masa ƙauri.

"Karkato nan, rana na cin ƙafata. Kuma ka rufe mini baki. Inuwar da uwarka ta bar mini ba ta surutu."